Ta Wace Ƙofa Ake Shiga Littattafan Almara?

Mafi yawan waɗanda ke cewa sun gwada littattafan almara na Turanci sun kasa, wanda ya zaɓa musu littafin farko ne ya cuce su. Saurayi ya gama sakandare a Birnin Kebbi ko Jega, yana zaman jiran sakamakon JAMB, ya kalli Game of Thrones ko The Lord of the Rings a wayar abokinsa, aka ce masa ai littafin ya fi fim ɗin daɗi. Sai a turo masa fayil mai shafi dubu. Ya ci shafi talatin bai ga yaƙi ba, bai ga dodo ba, sai sunayen mutane da garuruwan da harshensa ya ƙi ɗauka, da kalmomin da ko malaminsa na Ingilishi sai ya lalubo ƙamus. Ya rufe. Daga ranar ya yanke wa kansa hukunci cewa wannan karatu ba nasa ba ne. Alhali kuwa ba a koya wa mutum iyo a Matan Fada ranar da dubban masunta suka faɗa ruwa da homa da gora.

Abin da ya kamata a fara faɗa wa irin wannan saurayi shi ne, shi ba baƙo ba ne a wannan fage. Wanda ya tashi yana jin Gizo da Ƙoƙi da Dodo a bakin kaka, wanda ya ji yadda ake ba da labarin Kanta da ganuwar Surame, ko yadda Sarkin Ruwa ke shiga tsakanin masunta da kada kafin a buɗe kamun kifi a Argungu, ba ya bukatar a lallashe shi kafin ya saurari labarin da ya ƙetare hankali. A rubuce ma haka abin yake. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a boko, kuma biyu daga cikinsu almara ce tsantsa. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi shekara da shekaru yana yawon duniya har ƙasar aljannu. Gandoki na Bello Kagara ya fara da yaƙin Turawa, ya ɓulle cikin duniyar aljannu shi ma. Daga baya Ahmadu Ingawa ya ɗauko wani jarumin tatsuniyoyin Rasha ya sa masa rigar Hausa, ya zama Iliya Ɗan Maiƙarfi, kuma yara suka karanta shi a firamare ba tare da sun ji baƙunta ba. Ga kuma littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda yanzu har sauraronsu ake yi a waya, tela na taka keke yana bin sadaukai cikin dajin matsafa.

To ina gizo ke saƙar? Almarar Turawa ta zamani, tun daga Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ta zo da wani abu da tatsuniya ba ta damu da shi ba. Garin Gizo ba shi da taswira. Ba wanda ya taɓa tambayar sarkin da ke cikin tatsuniya sunan kakansa, ko kwana nawa ake yi daga gidansa zuwa bakin gulbi. Su kuwa waɗannan marubuta duniya guda suke ginawa, da duwatsunta da tekunanta, da tarihin sarautunta, da addinanta, wani lokaci har da harsunanta. Tolkien farfesan tsofaffin harsuna ne a Oxford, kuma ya fara ƙirƙiro harsunan ne kafin ya samar musu mutanen da za su yi magana da su. Wannan ginin shi ne daɗin abin, shi ne kuma nauyinsa, domin mai karatu ne zai ɗauki duniyar a kansa. Idan aka haɗa masa wannan kaya da Turanci mai tsauri, aka ƙara masa da tsawo, dole ya durƙusa. Saboda haka ni ba shahara nake dubawa ba idan zan miƙa wa wani littafin farko. Ina duba nauyin Turancin, da yawan sunayen da zai haddace kafin labari ya motsa, da ko marubucin ya kai labarinsa ƙarshe. Akwai kuma tambayar da jerin sunayen da ake yi a Turai da Amurka ba su yi, amma mu dole mu yi ta: me littafin yake so mai karatu ya haɗiye?

Ɗiyar yayata, wadda ta cinye Magana Jari Ce tun tana aji shida, ta taɓa zuwa mini da juzu'in farko na The Lord of the Rings a hannu, fuska a murtuke. Ta ce, “Kawu, wai mutanen ga yaushe za su tashi tahiya? Na ƙare babi biyu, har yanzu suna gida suna zance.” Na ce, “Ɗiyata, aje wanga tukuna, akwai ƙanensa.” Gaskiyarta ne. Littafin ya buɗe da gabatarwa kan al'adun wasu gajerun mutane har da tarihin tabar da suke sha, sannan bikin zagayowar haihuwa, sannan shekara 17 ta wuce kafin Frodo, jarumin labarin, ya fita daga gida. Fim ya haɗiye duk wannan cikin 'yan mintuna. Aikin ya fito a juzu'i uku tsakanin 1954 da 1955, ya haura shafi dubu, cike da waƙoƙi da siffanta tsaunuka, kuma yana saka wa mai haƙuri da alheri. Amma ba ƙofar shiga ba ce.

Ƙanen da nake nufi shi ne The Hobbit, wanda ya fito a 1937, shekarar da juzu'in farko na Magana Jari Ce ya fito a nan. Tolkien 'ya'yansa ya fara ba labarin, kuma ana jin haka a muryar littafin: mai ba da labari yana juyowa ya yi wa mai sauraro magana, ya yi masa ba'a, ya ce bari ka ji abin da ya faru. Bilbo mutum ne mai son gidansa da cikinsa, sai wani tsohon masihirci mai suna Gandalf ya haɗa shi da wadanni 13 da ke son ƙwato dukiyar kakanninsu daga wani dodo mai fukafukai mai aman wuta. Babi 19 ne, kuma kusan kowane babi masifarsa daban, ana shiga a fita, kamar yadda aku ke kawo labari kowane dare. Akwai inda wasu ƙatti uku masu cin mutane suka kama su, aka yi ta kwaikwayon muryoyinsu daga cikin duhu ana haɗa su gardama kan yadda za su dafa naman, har gari ya waye rana ta mayar da su duwatsu. Wannan dabarar Gizo ce sak. Wurin da ya fi kama Bahaushe kuwa shi ne inda Bilbo ya ɓace a ƙarƙashin dutse, ya ci karo da wata halitta mai suna Gollum a bakin wani tafki mai duhu, suka zauna wasan kacici-kacici. Sharaɗin shi ne, in Bilbo ya ci a nuna masa hanyar fita, in ya faɗi a cinye shi. Babu zancen “na ba ka gari” a nan. Ɗaya daga cikin tambayoyin amsarta ƙwai, kuma yaron da ya san ɗakin samari ba ƙofa zai riga Gollum canka ta. Da dabara ta ƙare wa Bilbo, sai ya tambayi abin da ke cikin aljihunsa, wanda ko kusa ba kacici-kacici ba ne, ha'inci ne, kuma shi kansa littafin ya san haka. Labarin ya ƙare cikin littafi ɗaya. Wanda ya ji daɗinsa, shi ne zai iya jure shekara 17 ɗin Frodo.

Ga wanda Turancinsa bai gama nuna ba, Harry Potter ya fi sauƙin shiga, kuma akwai dalili a ginin jerin kansa. Littattafai bakwai ne da J.K. Rowling ta fitar daga 1997 zuwa 2007, kowane ɗaya shekarar karatu guda, yaron yana da shekara 11 a na farko, 17 a na ƙarshe. Na farko bai kai kalma dubu 80 ba, na biyar ya haura dubu 250. Wato littattafan suna girma tare da mai karatu, kafin ya iso ga masu kauri ya riga ya saba da mutanen da kalmomin. Sannan duniyar ba sabuwa ba ce gaba ɗaya, makarantar kwana ce. Duk wanda ya ɗauki akwatin ƙarfe ya tafi bodin ya san siniyoyi, ya san gasar gidaje, ya san malamin da ya tsane ka ba gaira ba dalili, ya san satar fita bayan an kashe fitila. Abin da zai koya sabo kaɗan ne. Ba na cewa ba shi da aibi. Na biyar ya yi teɓa fiye da ƙima, kuma dokokin sihirin suna lanƙwasa duk inda marubuciyar ke bukata. Amma a matsayin tsani, da wuya a samu kamarsa.

Kusa da shi a sauƙi, kusa da mu a ƙasa, akwai jerin Nnedi Okorafor: Akata Witch a 2011, Akata Warrior a 2017, Akata Woman a 2022. Sunny yarinya ce zabiya 'yar shekara 12, iyayenta Ibo, an haife ta a Amurka aka dawo da ita Najeriya, a makaranta ana tsangwamarta ta kowace fuska. Sai ta gano tana cikin wata ɓoyayyar al'umma inda abin da mutane ke ɗauka nakasa shi ne tushen baiwar mutum. Abin da ya fi burge ni a ciki shi ne kuɗinsu. Ba a samunsu da fatauci ko gado, sai dai su faɗo daga sama a gaban mutum duk lokacin da ya koyi wani abu na gaske, kuma na jan ƙarfe sun fi na zinariya daraja. A littafin ana ɗauke wuta, ana cin shinkafa dafa-duka, ana zuwa Dutsen Zuma. Mugun labarin mai yanka yara ne don tsafi, kuma sunansa Otokoto, wanda zai tuna wa manya abin da ya faru a Owerri a 1996. A sani dai almarar kudu ce, ta dodanni da tsafin gargajiya, ba a sassauta ta ba.

Za a tambaye ni Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, tunda shi ya fi amo. Ya fito a 2018, na biyu a 2019, na uku a 2024, saboda haka ya kammala. Yana gudu, babukansa gajeru ne, ba ya barin mutum ya yi gyangyaɗi. Sai dai da Ba'amurke a zuciya aka rubuta shi. Sunayen garuruwanmu aka ɗebo aka watsa a sabuwar taswira, har Ilori ta zama ƙauyen masunta a bakin teku, ga Sakkwato da Zariya can inda ba a zata ba. Wani wannan zai ba shi dariya ya wuce, wani kuwa zai yi ta tuntuɓe da shi. Ban hana ba, ban kuma sa shi gaba ba.

Wanda na fi so a raina, in an matsa mini, shi ne Earthsea na Ursula K. Le Guin. Na farko, A Wizard of Earthsea, ya fito a 1968, bai wuce shafi 200 da 'yan kai ba. Duniyar tsibirai ce cikin teku. Ged yaro ne makiyayin awaki, mai baiwa da girman kai. Malaminsa na farko, Ogion, ya ɗauke shi suna tafiya kwana da kwanaki bai koya masa komai ba, ruwan sama na dukansu bai ɗaga yatsa ya kore shi ba, alhali yana iyawa. Yaro ya ƙosa, ya tafi babbar makaranta a tsibirin Roke, can gasa da wani ɗalibi ta sa ya kira ruhin matacciya don a san ya isa. Abin da ya biyo ta ƙofar da ya buɗe, wata inuwa marar suna, ta yage masa fuska, ta kuma bi shi duk inda ya nufa. Sauran littafin gudu ne, har ranar da malamin nasa ya ce ya juya ya bi abin da ke binsa. Ba zan faɗi yadda aka ƙare ba. Sihirin wannan duniya ya rataya ne ga suna: kowane abu yana da sunan gaskiya, wanda ya san shi ya mallaki abin, shi ya sa mutum ba ya faɗin nasa sai ga wanda ya amince wa da ransa. Mutanen da uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mata ba ta kiran sunan miji, ake sakaya sunan yaro da laƙabi saboda sunan kakansa ne, ba sai an yi musu dogon bayani kan nauyin suna ba. Kuma kowane aiki yana da farashi, ruwan da ka jawo wa gonarka yana iya zama farin wani tsibiri. Ga wani abu da masu zanen bango suka daɗe suna ɓoyewa: Ged jan mutum ne mai duhun fata, amininsa baƙi ne, farare su ne maharan da ke zuwa daga gefe. A Amurka ta 1968 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kalmomin Le Guin ba su da wuya, amma jimlolinta na tafiya a hankali irin na tsofaffi, ba littafin da ake karantawa ana duba WhatsApp ba ne. Uku na farko sun fito zuwa 1972, sauran ukun a 1990 da 2001, kuma kowanne yana tsayawa da ƙafarsa.

A nan ya kamata a rarrabe iri biyu, domin sau da yawa wanda ya ƙi ɗaya yana son ɗayan. Wajen Tolkien da Le Guin, sihiri abu ne mai duhu, ba ka san iyakar abin da Gandalf zai iya ba, kuma rashin sanin shi ne kwarjininsa. Akwai kuma marubutan da ke shimfiɗa dokokin a fili kamar dokokin dara, sannan su bar ka ka yi lissafi tare da jarumin. Jagoransu a yau Brandon Sanderson ne, wanda ya rubuta cewa gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihiri, gwargwadon haƙƙin marubuci ya warware matsala da shi. Mistborn, uku na farko daga 2006 zuwa 2008, shi ne misali. Azzalumin sarki ya riga ya ci nasara, ya shekara dubu a kan mulki, toka na zuba daga sama kullum, ganyaye ba su san kore ba, sai wata ƙungiyar ɓarayi ta yanke shawarar yi wa daular fashi. Masu baiwa suna haɗiyar garin ƙarafa, kowane ƙarfe da aikinsa. Kuza tana kaifafa ji da gani, wani yana ƙara ƙarfin jiki, wani yana jawo ƙarfen da ke kusa, wani yana tura shi. Dubi yadda ake tashi sama a littafin. Mutum ya jefa kwabo ƙasa, ya tura shi. Kwabon ba shi da inda za shi tunda ƙasa ta tokare shi, saboda haka mai turawar ne zai yi sama. In abin da ka tura ya fi ka sauƙi shi zai tashi, in ya fi ka nauyi kai za a yi jifa da kai. Daga wannan doka guda duk faɗan littafin ya fito: ɗinbin sulalla ya zama harsashi, sojan da ya sa sulke ya zama abin wasa, mai hankali ya shiga yaƙi da wuƙar gilashi. Masoyin littattafan yaƙi na Hausa, wanda ya gaji da jarumin da kullum sai wani sabon aljani ya faɗo ya cece shi, a nan zai sami abin da yake nema. Turancin Sanderson a miƙe yake, ba ado, babu kuma batsa. Rauninsa shi ne mutanensa na yawan tsayawa su yi wa juna lacca, barkwancinsa kuma sau da yawa ba ya sauka. Kowane littafi ya haura shafi 500, don haka na biyu ne ko na uku a layi, ba na farko ba.

Haka ma jerin Daevabad na S.A. Chakraborty, duk da cewa shi ya fi kowanne kusa da abin da muka sani. The City of Brass ya fito a 2017, sauran biyun a 2019 da 2020. Nahri 'yar damfara ce a Alƙahira ta ƙarshen ƙarni na 18, tana shirya wa mutane zar, wato irin nasu borin, ba tare da ta yarda da ko ɗaya ba, ranar nan kuwa ta yi kira aka amsa. Daga nan sai birnin aljannu, da labarin yadda Annabi Sulaiman ya hore su ya raba su ƙabilu shida, da hatiminsa, da ifiritai da maridai. Ɗaya daga cikin jaruman yarima ne mai riƙo da salla, wanda tausayin talakawa masu jinin mutum da aljan ya jefa shi rigima da mahaifinsa. Marubuciyar Ba'amurkiya ce da ta musulunta, kuma daɗi ne mutum ya karanta almara inda ake kiran salla ba a matsayin abin tsoro ba. Nauyinsa siyasa ce: ƙabilu, tsohuwar gaba, wa ya kashe kakan wa. Akwai kisan kiyashi, akwai soyayya ta manya. Kuma ƙage ne da aka gauraya da tatsuniyoyin Farisa, kada wani ya ɗauke shi ilmin aljannu ya je yana kafa hujja da shi a majalisa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da uba zai yi in ya ga ɗansa da littafi mai hoton yaro riƙe da sandar tsafi. Damuwarsa ba wauta ba ce. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da hadisi ya lissafa, labarin Haruta da Maruta kuma yana cikin Baƙara. Hukuncin karanta ƙagaggen labari na malamai ne, ba nawa ba. Abin da zan iya cewa a matsayin mai karatu shi ne, sandar ba ita ce wurin da ya fi bukatar ido ba. Dare Dubu da Ɗaya ya daɗe a Hausa, cike da matsafa, ba mu ji ya mayar da kowa boka ba. Abin dubawa shi ne me littafin ke cewa game da Ubangiji, da kuma me yake nunawa tsakanin mace da namiji. Narnia na C.S. Lewis, littattafai bakwai daga 1950 zuwa 1956, su ne mafi sauƙin Turanci a duk waɗanda na ambata, amma zakin da ke cikinsu ya ba da ransa a madadin maci amana, ya mutu ya tashi, kuma Lewis bai taɓa ɓoye cewa aƙidar Kirista yake nufi ba. Iyali Kirista a Zuru za su karɓe shi hannu biyu. Uba Musulmi kuwa gara ya san haka tun farko, ya kuma san cewa a biyu daga cikin littattafan miyagun mutanen kudu ne masu duhun fata da rawani da lanƙwasassun takubba. Percy Jackson na Rick Riordan, biyar na asali daga 2005 zuwa 2009, yana da ban dariya da sauri, amma gininsa duka a kan allolin Girka ne da ke haihuwa da 'yan Adam. His Dark Materials na Philip Pullman yaƙi ne a fili da hukumar addini. Tolkien kuwa, da yake Katolika ne mai riƙo, duniyarsa Mahalicci ɗaya gare ta, kuma babu abin da za ka ji kunyar karantawa a gaban surukarka. Hanya mafi sauƙi ita ce babba ya riga yaro karantawa, ko da babi biyar ne.

Akwai waɗanda zan ce a dakata da su, ba don ba su da kyau ba. George R.R. Martin ya fara fitar da A Song of Ice and Fire, wanda aka yi Game of Thrones daga gare shi, a 1996, daga baya ya ce bakwai za su zama, biyar suka fito, na ƙarshensu tun 2011, ga fyaɗe da lalata tsakanin 'yan'uwa a bayyane. Patrick Rothfuss ya fitar da littafin farko na jerinsa a 2007, na biyu a 2011, na uku shiru kake ji. Duk wadda ta taɓa bin littafi a rukunin WhatsApp har marubuciya ta ɓace ana tsakiyar rikici ta san wannan ciwon. The Wheel of Time ya ƙare, amma littattafai 14 ne, daga 1990 zuwa 2013, kalma sama da miliyan huɗu, har marubucinsa Robert Jordan ya rasu a 2007 Sanderson ya ƙarasa ukun ƙarshe. Malazan na Steven Erikson, goma cur, yana jefa mutum tsakiyar yaƙi ba tare da ya ce masa sannu ba. Discworld na Terry Pratchett, 41, akwai hikima, sai dai rabin dariyar wasa da kalmomin Ingilishi ne da ba'a ga almarar da sabon shiga bai karanta ba tukuna.

Saura samun littafin, wanda a Kabi shi ma aiki ne. Sabo sai an yi oda daga Abuja ko Legas a ba direba saƙo a tasha, ko a roƙi ɗalibin da ke dawowa hutu. Bugun gida ya fi sauƙin kuɗi: Cassava Republic ta Abuja ta buga na Okorafor, Ouida ta Legas ta buga na Adeyemi. Fayilolin da ke yawo a waya mafi yawansu na sata ne, wannan kowa ya sani, kuma sau da yawa a yanke suke ko babu taswirar, alhali taswira a irin wannan karatu rabin jagora ce. A wajen masu gwanjon littattafai kuwa abin da za ka tarar shi ne na biyu da na biyar, babu na ɗaya. Narnia da Earthsea suna jure a shige su ta tsakiya, Mistborn da Daevabad ba su jurewa ko kaɗan, na biyu zai tona maka asirin na farko a shafin farko. A kula da suna kuma kada a sayi abu ɗaya sau biyu. Harry Potter na farko Philosopher's Stone ne a bugun Ingila, Sorcerer's Stone a na Amurka. Akata Witch shi ne What Sunny Saw in the Flames a bugun Najeriya. Mistborn na farko wani bugun The Final Empire aka rubuta a bangonsa. Narnia kuma masu bugawa na yanzu sun manna lamba 1 a kan The Magician's Nephew saboda shi ya riga a tarihin duniyar, amma a 1955 ya fito, kuma yana amsa tambayoyin da sai wanda ya karanta The Lion, the Witch and the Wardrobe yake da su. A fara da mai zakin, ko da lamba 2 aka rubuta a gefensa.